Kafin ka sa hannu da yuniyon

Toh ɗana naga saƙonka, kace in Allah ya nuna maka ƙarshen koyo kai da abokinka kuna so ku buɗe ɗan shagonku na bututun iska anan New York, kana tambaya ku sa hannu da yuniyon, wato ƙungiyar ƙwadago, ne ko ku tsaya haka nan ba ruwanku da kowa. Kafin na amsa ni ma ina da tambaya, wane irin aiki kuke hari?

In gidajen mutane ne, a canza injin ɗumama gida a ja ɗan bututu a tafi, gaskiya yuniyon zai maka nauyi, don wanda kuke takarar neman aikin dashi yana biyan yaransa yadda yaga dama, kai kuma kuɗin awa a rubuce yake ba a rage ko sisi. Amma in makaranta ce ko asibiti ko dogayen benayen Manhattan, to nan lissafin ya juya. Aikin da kuɗin gwamnatin tarayya ke ciki dokar Davis-Bacon ta 1931 ta tilasta a biya ma'aikaci farashin da aka tsayar a yankin, jihar nan ma tana da irin tata, kaga mai araha ya rasa makaminsa kenan, saura waye ke da ƙwararrun hannu.

Anan yuniyon ke da rana. Ƙungiyar ma'aikatan sana'ar tamu SMART asalinta tun 1888 a garin Toledo na jihar Ohio, reshenta na nan birnin shine Local 28, mu masu shaguna kuma tamu SMACNA ce tun 1943, su biyun ke zama su ƙulla yarjejeniya, su ke riƙe da makarantar da kake zuwa. Ƙaramin shago mai mutum huɗu ya ci kwangilar da ke son mutum goma sha biyar, waya kawai zaka ɗaga a turo maka mutanen da suka sha shekara huɗu zuwa biyar suna koyo, ka miƙa wa mutum zane ya duba ya san kaurin ƙarfen geji 26 ne ko 24, ya auna ya yanka ya lanƙwasa a inji, a ɗaga bututun sama ya shige ɗan uwansa ba duka ba jayayya. Aiki ya ƙare su koma. Wallahi kai kaɗai bazaka iya horar da irin wannan ba, in ma ka horar wani babban kamfani ya ɗauke maka shi.

Yanzu ga wajen da nake so ka nutsu, don shi ke cin ƙananan shaguna. Duk awa ɗaya da ma'aikaci yayi maka, banda albashinsa akwai kuɗin fansho da na inshorar lafiya da na makaranta da zaka zuba a asusu, kuma wata wata ake biya, babu wani ayi haƙuri sai an biya ni. Shi kuwa babban ɗan kwangila da ka karɓi aiki a hannunsa sai ya ja ka wata biyu ko uku, ya kuma riƙe kashi 5 ko 10 cikin ɗari sai an gama ginin kaf. Albashi kuma duk sati. Ka zauna da biro ka lissafa albashin mutum goma na wata uku da kuɗin asusu da kuɗin farantin ƙarfe, in baka da wannan a ajiye ko banki bai buɗe maka ƙofa ba, kada kayi gigin karɓar babban aiki komai daɗin farashinsa, ai daidai ruwa daidai tsaki.

Fita ma ba kamar shiga bace. Tun 1980 akwai dokar da tace in ka janye daga asusun fansho na haɗin gwiwa alhali akwai giɓi a ciki, za a iya yanka maka naka kason ka biya, musamman in ka cigaba da sana'ar a yankin ba tare da yuniyon ba. Shi yasa takardar nan lauya zai karanta maka ita kafin ka taɓa biro, kuma ka tambayi wakilin yuniyon ƙarara nawa ne kuɗin jingina da suke nema daga sabon shago.

Nidai shawarata ka gama koyon tukuna, kayi 'yan shekaru kana riƙe da ma'aikata a fili ka koyi fidda farashi. Ranar Asabar ka shigo ofis da wuri na buɗe maka takardun aikin makarantar nan da muka gama, kaga ranar da muka biya da ranar da aka biya mu.