Kada ka cinna wa ciyawar gefen gonarka wuta a Fabrairu

Assalamu alaikum. Malam, ka ce gonarka ta mangwaro da yazawa tana maƙwabtaka da daji, ba ka samu ka yi mata shara da kaka ba, kuma kana so ka ƙone ciyawar da ke kewaye da ita yanzu kafin wutar mafarauta ta iso. Shawarata ita ce kada ka yi, domin lokacin wannan dabarar ya wuce.

Ƙunar da ake yi don kariya aikin Oktoba ne zuwa farkon Disamba, sa'ad da gamba da kyasuwa suke da sauran ɗanyantaka kuma raɓa take sauka da dare. Wutar wannan lokaci tafiyar hawainiya take yi, ta ci nan ta bar can, dare ya yi ta mutu da kanta. Amma daga Fabrairu zuwa Maris iskar hunturu ta riga ta tsotse duk wata laima, ganyen itatuwa ya zube ya ƙara wa wutar abinci, kuma guguwar rana takan ɗauki tartsatsi ta jefa shi can gaban inda mutum yake tsaye yana tsaro. Na ga wutar ƙarshen rani ta tsallake hanyar mota, ta kama a ɗaya gefen tun mutane ba su gama ihu ba. Ko da ba ta ci itacenka ba, zafinta kaɗai ya isa ya zubar da furen mangwaro da na yazawa, kuma yanzu ne suke fure ko ɗaure 'ya'ya. Haka take yi wa kaɗanya, shi ya sa mata masu tsintar ta suka fi kowa tsanar wutar bazara.

Malaman daji sun daɗe da gwada wannan. A gandun dajin Olokemeji da ke jihar Ogun ta yanzu, tun 1929 aka ware filaye uku: ɗaya ana ƙone shi da farkon rani, ɗaya da ƙarshensa, ɗaya kuma ba a barin wuta ta shiga. Bayan kusan shekara 30, wanda aka kare ya zama kurmi, na farkon rani ya riƙe itatuwansa da dama, shi kuwa na ƙarshen rani ciyawa ta mamaye shi, sai itatuwa masu kaurin ɓawo jefi-jefi.

Abin da ya rage maka aikin hannu ne. Ka sa a yanke ciyawar da adda, a kankare ƙasar da fartanya har sai ta fito fili, a zagaye gonar gaba ɗaya. A wurin da gamba ta wuce tsayin mutum, ni ban yarda da abin da ya gaza mita 10 ba, kuma gefen arewa maso gabas, inda iskar take fitowa, ya kamata ya fi sauran faɗi, haka ma duk gefen da gonar take saman gangare, domin wuta ta fi gudu idan tana hawa. Kuskuren da na fi gani shi ne a yanke ciyawar a tara ta a bakin sharar, ko a jibge ta a gindin itace da sunan taki. A kwashe ta a kai nesa, ko a ba makiyaya, waɗanda a wannan lokaci neman ta suke yi ido rufe. A datse rassan da suka sauko ƙasa, a kuma share gindin kowane itace.

Idan wuta ta taso duk da haka, kada kowa ya tare ta gaba da gaba. Daga gefe da baya ake bugun ta da ɗanyen reshe, famfon feshi cike da ruwa yana biye. Bayan ta mutu a bi kututture da busasshen kashin shanu ɗaya bayan ɗaya, domin suna iya kwana suna ci a ciki, iskar hantsi ta sake tayar da su.

Sauran maganar ta mutane ce, tunda wutar dajinmu kusan duk hannu ne yake kunna ta: masu farautar gafiya, masu ɗibar zuma, masu gawayi, da mai jefar da guntun taba. A Ghana, bayan gobarar 1983 da ta cinye gonakin koko masu yawa, an yi dokar hana ƙone daji a 1990, aka kuma kafa 'yan sa-kai na kashe gobara a ƙauyuka. Kai ma ka je wurin mai unguwa tare da maƙwabtan gonarka, a kira sarkin mafarauta, a yi yarjejeniya cewa ba wanda zai sa wuta a wannan yanki sai an sanar, har ruwan farko ya sauka.