Tana kik amma ba ta tashi: makulli ne ko inji?

Tambaya: Ina da Honda Accord ƙirar 2001 da na saya na hannu. Kwanan nan sai ta yi ta kik ba ta tashi, koren hoton makulli yana ta ƙyaftawa a dashbod. Ina matsalar take?

Amsa: Malam, wannan ƙyaftawar ce shaidarka. A lafiyayyar mota, in ka murɗa makulli, fitilar takan kama kamar daƙiƙa 2 ta mutu. In ta ci gaba da ƙyaftawa, ƙwaƙwalwar motar ba ta gane makullin ba, sai ta hana mai zuwa inji. Kada a taɓa fulogi tukuna.

Fara gwada makulli na biyu. A cikin baƙar robar kan makullin akwai ɗan ƙanƙanin cif marar batir, wanda da shi motar ke gane makullinta. Makullin da aka yanka a kasuwa sau da yawa ba shi da shi, yakan buɗe ƙofa amma ba ya tayar da mota. Sannan a auna batirin motar, ya kai bolt 12.4 zuwa 12.6, a duba fis.

In duk lafiya, mai wayarin ya kwance robar da ta rufe wuyan sitiyari. Akwai zobe kewaye da bakin makulli, shi ke karanta cif ɗin. Nan ake yawan samun aikin tsohon mai mota: ya liƙa cif ɗin da gam ko salatef a jikin zoben don kowane makulli ya tayar. Zafi ya sassauta gam, cif ya zame, mota ta tsaya. Wannan dabarar kuwa ta buɗe wa ɓarawo ƙofa, ba ma son ta. A ciro cif ɗin, a duba soket ɗin zoben, a haɗa sabon makulli da ƙwaƙwalwar motar ta hanyar na'urar kwamfuta. Ka tafi da takardun motar.