Tambaya da Amsa: Shin Ƙwayoyin Tsirrai Suna Kawar da Kumburin Jijiyoyin Ƙafa?

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Ni malamar firamare ce mai 'ya'ya huɗu, kuma tun cikina na ƙarshe jijiyoyi suka fito ruɗu-ruɗu a sha-raɓata ta hagu. Da yamma ƙafar takan yi nauyi, idon sawuna ya kumbura. An ba ni shawarar shan wasu ƙwayoyi da aka haɗa daga tsirrai, waɗanda ake sayarwa a kemis. Shin za su mayar da jijiyoyin yadda suke a da?
Wata mai karatu daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Ƙwayoyin za su iya rage miki nauyi da kumburi, amma ba za su ɓatar da jijiyoyin da suka riga suka fito ba. A cikin jijiyoyin da ke mayar da jini daga ƙafa zuwa zuciya akwai ƙananan marufai masu hana shi komawa ƙasa, kuma idan ciki ko gado daga iyaye ko doguwar tsayuwa irin ta gaban allo suka raunana su, sai jinin ya taru, jijiyar ta buɗe ta murɗe. Babu ganyen da ke gyara marufin da ya lalace.

Wanda aka fi bincika shi ne sinadarin 'ya'yan itacen da Turawa ke kira horse chestnut. Nazarin da Cochrane, ƙungiya mai tantance binciken lafiya, ta fitar a 2012, wanda ya tattara gwaje-gwaje 17, ya nuna yana rage ciwo da kumburi da ƙaiƙayi, sai dai gwaje-gwajen duk na gajeren lokaci ne. Ɗanyen ƙwallon itacen kuwa yana da guba, saboda haka wanda aka tace kaɗai ake sha. Akwai kuma Daflon na kamfanin Servier na Faransa, wanda ake samo sinadaransa daga 'ya'yan lemo, kuma likitoci kan rubuta shi don wannan matsala da kuma basir. A ganina waɗannan biyun sun fi duk wani haɗin da ba a rubuta abin da ke cikinsa ba, ko da mai sayarwa ya rantse.

Idan har yanzu kina shayarwa, ko kina shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko kina da ciwon ƙoda ko hanta, kada ki fara sai likitanki ya amince, kuma ki duba lambar hukumar NAFDAC a jikin kwalin.

Abin da zai fi yi miki aiki shi ne safa mai matse ƙafa wadda aka auna daidai da ke, ki sa ta tun safe kafin ƙafar ta kumbura. Ki riƙa zagayawa a cikin aji maimakon tsayuwa wuri ɗaya, idan kin kwanta ki ɗora ƙafar kan matashi har ta ɗara ƙirjinki tsawo. Mai son jijiyoyin su ɓace sai ta je a ɗauki hoton gudanar jinin, sannan a toshe jijiyar da allura ko zafin laser, ko a cire ta da tiyata.

Amma idan ƙafa ɗaya ta kumbura farat ɗaya da zafi da ciwo, musamman in numfashi ya fara yi miki wuya, ki garzaya asibiti nan take, domin mai yiwuwa jini ne ya daskare a jijiyar da ke can cikin ƙafar. Haka nan fatar idon sawu da ta yi duhu, ko gyambon da ya ƙi warkewa, suna buƙatar likita ya gan su.