Hukuncin ƙona ƙudan zuma wajen ɗiban zuma

Tambaya: Allah shi gafarta Malam. Ni manomi ne a ƙasar Anka, ina da amya tara da na gada wurin mahaifina. In rani ya yi, da dare muke hawa itace da damin ciyawa mai ci da wuta, mu kara a bakin amya har ƙudan su zube, sannan mu kwashe saƙar duka. Ɗana da ke karatu a Gusau ya ce zunubi ne. Ni kuwa na taso ina jin ana cewa zuma sai da wuta. Mene ne gaskiya, kuma zumar da muka riga muka sha muka sayar fa?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ɗan'uwa, yaronka ya faɗa maka gaskiya, Allah Ya yi masa albarka. Babbake ƙudan zuma da gangan, alhali da wata hanyar kaiwa ga zumar, bai halatta ba, domin hani biyu ne suka haɗu a kansa. Abu Dawuda da Ibnu Majah sun ruwaito daga Ibnu Abbas cewa Annabi (SAW) ya hana kashe halittu huɗu: tururuwa, ƙudan zuma, alhudahuda da tsuntsun da Larabawa ke kira surad. Sannan ya ga gidan tururuwa da wasu sahabbai suka ƙona a wata tafiya, ya ce bai kamata wani ya yi azaba da wuta ba sai Ubangijin wuta. Malamanmu na Malikiyya ko ƙwarƙwata da ƙuma sun karhanta a kashe su da wuta, kamar yadda Ibnu Abi Zaid ya kawo a ƙarshen Risala. To in an ƙyamaci haka ga ƙwaron da ke shan jininka, ina ga wanda Allah Ya sanya wa sura ta 16 sunansa, Ya ce Ya yi masa ilhamar ya riƙi gidaje a duwatsu da itatuwa da abin da mutane ke ginawa? Amyarka tana cikin wannan na ukun. A Muwaɗɗa kuma, cikin wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan da zai tafi Sham da runduna, akwai cewa kada ya ƙona ƙudan zuma. Wasu ruwayoyin sun zo da dabino a gurbin ƙudan zuma, don ɗigo ɗaya ne ya raba kalmomin biyu a rubutun Larabci, shi ya sa ban jingina hukuncin a kanta ita kaɗai ba.

Wani ɗalibi zai ce ai a babin jihadi an yi rangwame a halaka ƙudan zuman abokan gaba don a kai ga zumar. Haka ne, amma maganar fagen fama ce, inda mutum ba shi da lokaci ba shi da dabara. Kai amyarka tana nan a bisa itacenka shekara da shekaru, kai ke zaɓen daren da za ka hau.

Karin maganar da ka kawo kuwa, abin da zuma ke so daga wuta hayaƙinta ne. In ƙudan ya yi harbi ko ya ji barazana, yana fitar da wani wari da ke kiran 'yan'uwansa yaƙi. Hayaƙi yana rufe wannan warin, kuma yana sa su dukufa shan zuma, ciki ya cika, faɗa ya ragu. Busasshen kashin shanu ko totuwar masara a cikin gwangwani ko tsohuwar tukunya ya isa, hayaƙi mai sanyi, ba harshen wuta. Wannan halal ne ba tare da karhanci ba, kuma 'yan ƙudan da suka mutu a cikin aikin ba da nufi ba, babu komai a kanka. Ka guji roba da leda da maganin ƙwari, don suna kashe su, suna kuma gurɓata abin da za ka sayar wa Musulmi su ba 'ya'yansu a matsayin magani.

Abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne kwashe saƙar duka. Wanda muke kira sarkin zuma mace ce, ita kaɗai ce uwar gidan, kuma lokacin yalwar fure takan saka ƙwai fiye da 1,000 a rana. Ma'aikatan ma duk mata ne. Kowace tana ɗaukar kusan mako uku daga ƙwai zuwa fitowa, ta rayu kamar mako shida a lokacin aiki, kuma duk zumar da za ta tara a rayuwarta ba ta cika cokalin shayi ba. Ka dubi kwalba ɗaya da wannan idon. Saƙar da ke ɗauke da ƙwai da tsutsa ita ce gobe ta amyar. In ka matse ta cikin zuma ka kashe rai ba amfani, ka kuma ɓata hajarka, don zumar da ta haɗu da ruwan tsutsa da wadda ba ta nuna ba saurin tsami take yi. Ka yanki saƙar da suka liƙe bakinta da kaki, ita ce nunanna, ka bar musu ta 'ya'ya da wani rabo na zuma da za su ci kafin fure ya dawo. Ƙudanmu na nan ba su da wuyar ƙaura, in an wawashe su tashi suke yi, ka wayi gari da amya wayam. Asarar kuma ba taka ba ce kai kaɗai: kankana da kabewa da riɗi da mangwaro da kaɗanyar maƙwabtanka suna ƙara 'ya'ya ne da zirga-zirgar waɗannan ƙudan daga fure zuwa fure. Annabi (SAW) ya ce ba cuta ba cutarwa. Haka in wutar da ka kunna ranar iska ta kuɓuce ta cinye harawa ko rumbun wani, malamanmu sun ɗora maka biya.

In amyar taka baki ɗaya gare ta, ka gyara ta yadda za ta buɗu ta baya, domin galibi can suke ajiye zuma, 'ya'ya na wajen ƙofa. In da hali, amyar katako mai sanduna a sama ta fi sauƙi, kana ɗaga saƙa ɗaya ɗaya kana dubawa.

Hukuncin yana sauyawa in ƙudan suka sauka a rufin ɗaki ko makarantar allo suna harbin yara. Sai a nemo wanda ya iya ya kwashe su ko ya kore su da hayaƙi. In ya gagara, kashe su ya halatta don tunkuɗe cuta, amma ba da wuta ba matuƙar da wata hanya.

Zumar da ka sha da kuɗin da ka ci halal ne, laifin yana cikin yadda aka ɗebo ta, bai shiga cikinta ba. Babu kaffara ko sadakar da ta wajaba a kanka. Ka yi abin ne cikin rashin sani, ka nemi gafara gare ka da mahaifinka, kuma ranin bana ka hau da hayaƙi. Wallahu a'alamu.