Amsa: baƙin tabo a katakon gefen jirgin ruwa

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da ke sa katakon gefen tsohon jirginka mai inji ya yi baƙi a kewayen ƙusoshi. Ruwa ne ya shiga ramin ƙusar, ƙarfen ya haɗu da sinadarin tanin da ke cikin katakon. Fenti ba zai rufe shi ba, tabon zai dawo.

Kwance katakon, ka goge da samfefa lamba 80, sannan 120, kana bin tsawon katakon. Narka giram 100 na asid ɗin oksalik a lita ɗaya na ruwan ɗumi, ka shafa kana sanye da safar hannu, ka ɗauraye sosai, ka bar shi ya bushe ƙarau.

Ramin ne babban aikin. Faɗaɗa shi, ka cika da ifoksi (wani gam mai ƙarfi da ke daskarewa), idan ya daskare ka sake huda daidai kaurin ƙusar. Ka sa ƙusoshin ƙarfe marar tsatsa lamba 316. Don Allah kar ka liƙe da silikon, domin banish (man da ake shafa wa katako ya yi ƙyalli) ba ya kama inda ya taɓa.

Shafin banish na farko ka tsinka shi rabi da rabi da tina (ruwan tsinka fenti), ka bi da shafi shida, kana ɗan gogewa da lamba 320 tsakaninsu.