Yaran Shago da Amana

Tambaya: Malam, ina da shagon atamfa a Kantin Kwari da yara uku, amma ko masallaci zan je sai na kulle kuɗi. Yaya manyan 'yan kasuwa suke yi? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, Alhassan Dantata nake tunawa, wanda ya rasu a 1955. Da fataucin goro daga Gwanja ya tashi, sannan ya koma gyaɗa. Bai tsare bakin kowane sikeli da kansa ba. Jari yake ba yaransa, su shiga ƙauyuka su sayo, a dawo a yi lissafi. Kai ma ware wa babban yaronka dila guda, ku rubuta a littafi, ranar Alhamis ku ƙirga tare. In ya cika, ƙara masa.