Yaya, ga dalilin da ya sa muke sayen sabon littafin ƙa'idar gudun mota duk shekara

Assalamu alaikum, Yaya. Da fatan kana lafiya, da iyali, da Hajiya. Saƙonka na murya ya iso, na saurare shi har sau biyu, na biyun tare da maiɗakina, muna ta dariya. Ka ce ka buɗe kayan da na aiko, ka tarar da bel ɗin kujera da hular kwano ko ƙwarzane babu, amma na ce maka a nan sun tashi daga aiki. Ka ce in ba damfara ba, wace irin doka ce ake sakewa duk shekara sai ka ce kalanda. Ka kuma rufe da tambayar da kowa yake yi mini: wa yake biyanku?

Ba kai kaɗai ba ne. 'Yan uwanmu Hausawa da ke nan Kalifoniya ma, in mun haɗu wurin suna ko idi, tsokanata suke yi, sun laƙaba mini "mai gishiri". To bari in warware maka tun daga tushe.

Abin da muke yi ba tseren da kake gani a talabijin ba ne, inda motoci suke kewaya fili suna rige-rige. A nan mota ɗaya ake saki, ita kaɗai, a miƙaƙƙen layi, na'ura ta auna gudunta. Abokin takararka lambar gudu ce da wani ya kafa, wataƙila tun kafin a haife ka. Wurare biyu muke zuwa. Na kusa shi ne El Mirage, wani busasshen tafki a hamada, fako ne shimfiɗaɗɗe mai ƙura, tsawon layin mil 1.3, wato kilomita biyu da ɗan ɗoriya. Ana haɗuwa can daga watan Mayu zuwa Nuwamba. Babban kuwa shi ne Bonneville a jihar Yuta, gab da garin Wendover. Gishiri ne fari fat iya ganinka. Ranar da na fara taka shi sai da na tuna labarin da Kaka yake ba mu na ayarin Bilma, na ce da ya ga wannan da ya ce an yi asarar dukiya, motoci ake gudu a kai. A can ake yin makon gudu a watan Agusta, tun 1949.

Ƙungiyar da ke riƙe da agogo da littafin sunanta SCTA, an kafa ta a 1937. Asalinta samari ne masu haɗa tsofaffin motoci a bayan gida, suna fita hamada suna gudu barkatai, ana ta karo cikin ƙura. Da suka ga mutuwa ta yi yawa, ga hukuma ta sa musu ido, sai ƙananan kulob-kulob ɗinsu suka haɗu suka ce a tsara abin. Har gobe haka take: tarin kulob ne, kuma masu duba mota da masu riƙe agogo da masu share layi, 'yan sa-kai ne. Ni na shiga ta hannun wani dattijo Bature da na yi wa aiki a gareji shekarun da na fara zuwa. Ya ga hannuna a walda, ya ce in zo in taya shi a kan motarsa ran Asabar. Yau shekara goma sha ke nan ina cikin yaran motar. Ban taɓa tuƙa ta a layi ba, kada Hajiya ta tayar da hankalinta. Ni nake ɗaure direba, ni nake tura motar da akori-kura a farkon layi, don giyarta ta yi tsayin da ba za ta iya tashi da kanta ba.

Littafin kansa ɗan ƙarami ne, yana shiga aljihun baya. Abu biyu ne a cikinsa. Na farko yadda za a tsare ran direba. Na biyu yadda za a raba motoci aji-aji, don kada a haɗa jaki da doki a sukuwa.

Ɓangaren aji shi ne ya fi jawo gardama. Ana duba siffar jikin mota, da girman inji, da irin man da take sha, da ko an sa mata abin da ke cusa iska cikin inji. Girman inji da baƙaƙe ake rarraba shi: AA shi ne wanda ya haura lita 8.2, a yi ta gangarowa har kan ɗan mitsitsin da bai kai na wani babur ba. Tamu tana ajin C, wanda ya tsaya wajen lita 6.1. In ka ce a ajin fetur kake, man da aka tanada a filin za ka sha, a rufe tankinka da hatimi. Akwai ajin tsofaffin motoci buɗaɗɗu, akwai na motar da ta fito daga kamfani ba a taɓa jikinta ba, akwai dogaye masu kama da kifi. Akwai ma waɗanda aka yi da tankin man jirgin yaƙi. Bayan yaƙin duniya na biyu wani mai suna Bill Burke ya fara sayen irin tankunan ya sa musu taya da inji. Da makanikan Ƙofar Ruwa za su ga irin ƙirar da ake yi a nan, da sun gane 'yan uwansu ne. Kuma ka san halin makaniki: in ƙa'ida ta ce kada a rage tsayin rufi, sai wani ya kwantar da gilashin gaba ya ce ai ba a ambaci gilashi ba. Ya kafa lamba. Sauran su yi ca. Shekara mai zuwa sai ka ga an ƙara jimla guda a kan gilashi. Rabin sauye-sauyen da ake yi duk shekara, toshe irin wannan kafar ce.

Ɗaya rabin kuwa, Yaya, shi ne amsar tambayarka. Duk motar da ta yi haɗari a filin, ba a barin mai ita ya kwashe ta ya tafi haka nan. Masu duba mota sai sun bi ta gaɓa-gaɓa: ina kejin ƙarfe ya lanƙwashe, ina waldar ta saki, kan direba ya bugi me, hannunsa ya fita waje ko bai fita ba, wuta ta ina ta shigo. Abin da aka gani shi yake komawa cikin littafi. Shi ya sa yanzu akwai abin da ke riƙe wuya da kai, akwai igiyar da ke hana hannu fita in mota ta wuntsila, akwai kaurin bututun da aka yarda a yi keji da shi. Motar da za ta wuce mil 175 a awa, kusan kilomita 280, dole ta ɗauki laimar da ake saki a baya ta tsayar da ita, don birki a kan gishiri ba abin dogaro ba ne. In ta haura mil 300, laima biyu. Dattijon nan yakan buɗe shafi ya ɗora yatsa a kan layi ya gaya mini sunan wanda ya sa aka rubuta shi. Wasu ya san matansu da 'ya'yansu.

Shi ma direba ba a sakar masa layi haka kawai. Lasin gwamnati na kai shi mil 125 a awa ne kurum. Daga nan sai ya hau mataki-mataki, 150, 175, 200, kowane sai an sa masa hannu. Kafin a bar shi ya fita, zai zauna a mota cikin cikakkiyar shiga, a ɗaure tamau, a ce masa wuta ta kama. Ya nuna yadda zai kashe inji, ya saki laima, ya buɗe tukunyar kashe gobara, ya kwance kansa ya fito, mai duba yana tsaye a kansa.

To ga zancen bel ɗinka. Yana da tambari mai kwanan wata a jiki, ka duba za ka gani. Shekara biyar daga ranar da aka ƙera shi, littafi ya ce ya sauka. Zaren nailan rana tana cinsa, gumi da mai da gishiri suna cinsa, ido kuma ba ya gani. Tukunyar kashe gobara duk shekara biyu sai an kai an duba ta. Hular kwano kuwa wata gidauniya ce mai suna Snell take gwada ta. An kafa ta a 1957, bayan wani direban tsere mai wannan suna ya mutu hularsa ba ta tsare shi ba. Duk shekara biyar suke fitar da sabon ma'auni, 2015, 2020, haka dai, in sabo ya fito sai littafinmu ya sa ranar da mafi tsufa zai daina karɓuwa. Taka ta faɗa cikin waɗanda aka sallama.

Na taɓa shan kunya a kan wannan. Wata shekara muka ɗaure mota a tirela, muka yi kusan yini guda a hanya, muka isa gishiri, muka shiga layin dubawa. Wani tsoho ya leƙa, ya juya tambarin bel, ya dube ni. Wata biyu ke nan da ƙarewar wa'adinsa. Ni ne mai kula da kayan direba, kuma ban duba ba. Na fara abin da muka saba, ina cewa ai sabo ne, sau nawa ma aka ɗaura shi, a taimaka. Mutumin bai yi fushi ba, bai kuma nemi komai ba. Cewa ya yi, shi in ya sa hannu, shi ne zai je ya yi wa matar direba bayani. Muka bi tanti-tanti muna cigiya, har wasu da muke neman karya lambarsu suka ciro nasu na ajiya suka ba mu aro. Wannan ɗabi'ar tasu ta daɗe tana ba ni mamaki. Mutum zai ba ka fistin, ya taya ka ɗaurawa har tsakar dare, alhali ya san gobe da shi za ka kayar da sunansa daga littafi.

Ka ce wa yake sake dokar. Mu ne. Duk ɗan ƙungiya yana da ikon cike takarda ya ce ga layin da yake so a gyara, ga dalilinsa. Bayan an dawo daga gishiri ake rufe karɓa. Kwamitin kowane aji ya duba nasa, a kai wa kulob-kulob su tattauna, wakilai su zauna kafin ƙarshen shekara, shugabanni su amince, a buga. Na sha zama a taron kulob ɗinmu, tsofaffi suna ta musu a kan inci ɗaya na ƙarfe har shayi ya huce, kamar zaman rabon gona. In sabon littafi ya fito, duk inda aka taɓa da baƙin rubutu mai kauri ake buga shi. Ba wanda yake farawa daga shafin farko. Kowa kaurin yake bi yana addu'ar kada ya faɗo kan motarsa. Lokacin sanyi ke nan, ba a gudu, sai yanka da walda. Kuma littafin ba a Kalifoniya ya tsaya ba. Ƙungiyar Yuta da ke nata taron a Satumba da shi take aiki, 'yan Ostireliya masu gudu a tafkin Gairdner ma a kansa suka gina nasu.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai inda zarginka yake da ƙamshin gaskiya. Abin yana cin kuɗi. Rigar wuta, hula, bel, taya, duk masu sayarwa suna samun ciniki daga kwanan watan nan. Na san waɗanda suka ajiye mota saboda sabuwar ƙa'ida ta ce a sake keji, aljihu kuma ya ƙi. Wani lokaci ma ka gama kashe kuɗin, ruwa ya kwanta a kan gishiri a fasa taron gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a 2014 da 2015, aka sake a 2022. Gishirin kansa yana ta yin siriri shekara da shekaru. Amma damfara tana bukatar mai cin riba, su kuwa masu rubuta ƙa'idar su ne farkon waɗanda take cizo, don kowannensu da tasa motar a gareji.

Da ka ce ajali in ya zo ba bel ɗin da zai tare shi, gaskiya ne, ban musa ba. Mu ma muna binne mutane a wannan harka, da kayansu cikakku. Sai dai kai ka koya mini hadisin mai raƙumi tun ina yaro, cewa ya ɗaure shi tukuna. Ni da nake jan bel a ƙirjin mutum ina kallon idonsa ta gilashin hula, ba zan so a ce sakacina ne sanadi ba. Bismillah nake yi a kan kowane maɗauri, shi ma ya saba, in na yi shiru sai ya ce ban yi addu'ar ba.

Batun biya kuwa, ba ko sisi. A Bonneville, in motarka ta wuce lambar ajinta, sai a kai ta wani killataccen wuri a tsare, a ba ka awa huɗu ka duba ta, ta kwana can. Da sassafe ka sake gudu, a haɗa biyun a raba. In har yanzu kana sama, sai a auna injin a tabbatar bai wuce ajinsa ba. Sannan a rubuta sunanka a bayan littafin shekara mai zuwa. Wanda ya kafa lamba sama da mil 200, gudun da zai kai ka Zariya daga Kano cikin kamar rabin awa, shi ake ba jar hula, irin ta hana-sallah, a shigar da shi kulob ɗin da aka kafa tun 1953. Na mil 300 shuɗiya. Na ga mai shekara saba'in yana kuka a kan hular nan. Burt Munro, wani tsoho daga Niyu Zilan, yana da shekara 68 ya kafa lamba a 1967 da babur ƙirar 1920 da ya yi ta gyarawa a rumfarsa. Mu dai har yau mil shida a awa ne tsakaninmu da tamu lambar.

Hular da na aiko ta mota ce, tagar idonta ƙarama ce, amma in yaron nan mai babur zai yarda ya riƙa sawa, ka ba shi, ta fi hular zanna da yake yawo da ita. Bel ɗin kada a ɗaura shi a mota, ku ɗaure kaya da shi. Bana an taɓa sashen da ya shafi kujera, don haka Asabar ɗin nan a gareji zan wuni. In ka kira ban ɗauka ba, injin walda ne. Ka gaishe mini da Hajiya da kyau, ka ce mata maganin ƙafarta yana hanya.